MATASHIN DA BA A YI WA MARABA A SAHU BA, DABA ZA TA YI MASA

Wannan bayani ne da ɗaya daga cikin malamai ya gabatar ga 'yan uwa matasa a zaman karatu na mako-mako bayan sallar isha'i. An rubuto shi ne domin amfanin waɗanda ba su samu halarta ba.

Bayan godiya ga Allah (T) da salati ga Manzon Rahama (SAW) da alayensa da sahabbansa, Malam ya fara ne da jefa wa mahalarta tambaya. Ya ce kowa ya tuna sahun da yake tsayawa ran Juma'a shekara biyu ko uku da suka wuce, ya ƙirga samarin da suke tsayawa tare a lokacin, sa'annan ya duba nawa ne suka rage. Ya ce da yawa in suka yi wannan lissafi za su tarar akwai wanda ya ɓace, kuma ba mutuwa ya yi ba, ba ƙaura ya yi ba. Yana nan cikin unguwa, sai dai yanzu a bakin kwalbati yake kwana, ko a kango, ko kuma yana tsare a Kurmawa ko Goron Dutse. Malam ya ce abin da ya fi wannan ciwo shi ne, ranar da yaron ya daina zuwa, babu wanda ya taka ƙafa ya je ƙofar gidansu ya ce a yi sallama da wane.

BUKATAR DA ALLAH YA HALICCI MUTUM DA ITA

Malam ya ci gaba da cewa Allah (T) ya halicci ɗan Adam da yunwa iri biyu. Akwai ta ciki, wadda tuwo yake kashewa, akwai kuma ta zuciya, wato mutum ya samu inda aka san sunansa, in ya zo a matsa masa, in bai zo ba a tambaya. Ya ce wannan ta biyun ta fi tsanani ga yaro daga shekara goma sha huɗu zuwa ashirin da 'yan kai, domin a lokacin ne ya girmi zaman ɗakin uwarsa, bai kuma kai a ba shi tabarma a majalisar manya ba. In gidan yawa ne, sai ka ga an tura shi shago ko zaure shi da 'yan uwansa, babu mai sanin ya ci ko bai ci ba, ya kwana a gida ko bai kwana ba. In ya gama sakandare jarrabawa ba ta yi kyau ba, ko ta yi kyau babu kuɗin ci gaba, to shi ke nan, gari zai waye masa ba inda ake jiransa.

Ya ce a da al'umma tana da ramukan da take zuba wannan ƙarfi na samari. Akwai aikin gayya, inda samarin gari za su taru su nome gonar tsoho ko su yi wa gwauruwa yaɓe kafin damina. Akwai sarkin samari da ake jin maganarsa. Akwai ciyayya a ƙofar gida, kowa ya fito da akushinsa, ɗan mai shi da ɗan mara shi hannu ɗaya a kwano. Almajiri ma yana da uwar ɗaki wadda ta san sunansa da garinsu, take ajiye masa ɗumame, in sallah ta zo ta yi masa ɗinki. Malam ya ce yau gari ya faɗaɗa, katanga ta yi tsawo, an sa ƙyauren ƙarfe, rayuwa kuma ta ƙara tsada musamman tun bayan cire tallafin mai a 2023, kowa yana ta kansa. Amma ita wancan yunwa ta zuciya tana nan yadda Allah ya halicce ta, kuma dole yaro ya nemi inda zai kashe ta.

YADDA AKE JAN YARO

Daga nan Malam ya juya ga ƙungiyoyin da kowa ya san su, 'yan daba a Kano, sara-suka a Bauci da Jos, kalare a Gombe, 'yan shila a Yola. Ya ce mutane suna ganin ƙarshen lamarin ne kawai, wato wuƙa da gora da ƙwacen waya, amma ba sa tsayawa su kalli farkonsa. Babu yaron da ake tara ran farko a miƙa masa adda a ce je ka sari mutum. Ran farko wuri ake matsa masa a kan benci. Ran na biyu a miƙo masa shayi. Ran na uku a raɗa masa suna, ya ji ana kiransa da wani laƙabi mai nuna shi ma namiji ne. Ranar da wani ya mare shi a layin famfo, sai ya ga mutum goma sun tashi dominsa, abin da ko yayyensa ba su taɓa yi masa ba. In aka kama shi su ne za su yi karo-karo a yi beli, in yana kwance su ne a bakin gadon asibiti. To daga nan ya ci bashi. Duk ranar da aka ce yau za a shiga unguwa kaza ɗaukar fansa, da wane baki zai ce ba ya zuwa?

Malam ya ce su kuma masu neman mulki sun daɗe da gane wannan. Tun zamanin siyasar NEPU da NPC a shekarun 1950 ake da 'yan banga, kuma tun da aka dawo mulkin farar hula a 1999 kusan kowane zaɓe sai an ga an ɗebo samarin unguwanni an cika motoci da su, an ba su ƙwaya da 'yan canji. Ya ce da an gama rantsuwa sai a watsar da su, makamin yana hannunsu, shaye-shayen ya kama jikinsu, sai su juyo kan unguwar da ta haife su. 'Ya'yan wanda ya ɗauke su aikin kuwa suna can makaranta.

Game da shaye-shaye, Malam ya kawo binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019. Binciken ya nuna kimanin mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya cikin shekara guda, kimanin miliyan 3 daga cikinsu a Arewa maso Yamma. Ya ce a watan Mayun 2018 gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, kuma hukumar NDLEA ta daɗe tana kame. Duk wannan yana da kyau, in ji shi, amma doka kwalba take iya ƙwacewa. Ba ta iya zama da yaro da daddare a lokacin da ya rasa wanda zai yi hira da shi. Da wuya ka samu wanda ya fara sha shi kaɗai a ɗaki. Aboki ne yake miƙo masa, shi kuma ya karɓa don kada a ce ba ya ciki.

HAR DA RIGAR ADDINI

Malam ya ja hankalin 'yan uwa da cewa kada wani ya ɗauka daba ce kaɗai take farautar wannan rauni. Ya tunatar da rikicin Maitatsine na Disambar 1980 a Kano, wanda ya ci rayuka sama da 4,000, ya kuma sake ɓarkewa a Bulunkutu da Rigasa a 1982, da Jimeta a 1984, da Gombe a 1985. Ya ce akasarin waɗanda suka taru a 'Yan Awaki gardawa ne da samarin ƙauye da suka shigo birni, birnin bai kalle su ba, sai suka samu wanda ya ba su wurin kwana da abinci, ya kuma gaya masu cewa su ne mutanen kirki, sauran jama'a duk ɓatattu ne. Haka nan abin da ya tashi a Maiduguri a 2009, sananne ne cewa an jawo samari da yawa ta hanyar ba su jari da yi masu aure, kafin a kai su inda ba a dawowa.

Saboda haka, in ji Malam, duk matashin da wata jama'a ta buɗe wa hannu, ya auna ta da abu uku. Na farko, tun da ya shiga cikinsu, ya ƙara kusanci da iyayensa ne ko an raba shi da su? Na biyu, in ya yi tambaya ko ya ce bai gamsu ba, ana yi masa bayani ne ko ana yi masa kallon maci amana? Na uku, ana koya masa tausayin wanda ba ya cikinsu, ko ana koya masa raina shi? Ya ce duk taron da ya faɗi wannan awo, ko da carbi a hannun kowa, tarko ne.

YADDA MANZON ALLAH (SAW) YA GINA JAMA'A

Malam ya ce wanda yake son ya ga maganin wannan cuta ya duba Madina a shekarar farko ta hijira, wato 622 miladiyya. Muhajirai sun baro gidajensu da dukiyarsu da danginsu a Makka, da yawansu samari ne, sun sauka a garin da ba nasu ba. Cikin abubuwan farko da Manzon Allah (SAW) ya yi bayan gina masallaci akwai ƙulla 'yan uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansar, kimanin mutum 90, kowa aka ce ga ɗan uwanka, da sunansa. Malam ya ce a lura da wannan hikima. Da an ce wa mutanen Madina gaba ɗaya ku kula da baƙi, da kowa ya bar wa wani. Amma da aka ɗora wa kowane mutum ɗaya mutum ɗaya, babu wanda ya faɗi ƙasa.

Ya kawo misalin Sa'adu bn Rabi'a (RA), wanda aka haɗa shi da Abdurrahman bn Aufin (RA). Sa'adu ya yi tayin raba dukiyarsa biyu ya ba shi rabi. Abdurrahman ya yi masa addu'ar albarka, ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa kawai. Ya shiga ya fara da cuku da man shanu, ba a daɗe ba ya yi aure, daga baya ya zama cikin manyan attajiran sahabbai. Malam ya ce darasi biyu ne a nan, mai gida ya buɗe hannu ba tare da ƙyashi ba, baƙo kuma bai mayar da kansa kaya ba. Kuma sau da yawa babban alherin da za ka yi wa ɗan uwanka shi ne ka nuna masa hanyar kasuwa.

Sai kuma Ahlus Suffa, talakawan da ba su da gida ba su da dangi a Madina, waɗanda suke kwana a wata rumfa a cikin masallacin Annabi (SAW). Abu Huraira (RA) yana cikinsu, ya kuma ba da labarin ya ga mutum 70 daga cikinsu babu mai cikakkiyar sutura. Ba a kore su don suna ɓata masallaci ba. In dare ya yi ana rarraba su ga sahabbai, wannan ya tafi da ɗaya, wancan ya tafi da biyu su ci abinci a gidansa, Ansar kuma suna rataye cumbin dabino a masallaci don mai jin yunwa ya ci ba sai ya roƙa ba. Daga wannan rumfa aka samu mutumin da ya fi kowa ruwaito hadisi. Malam ya tambaya, yau yaron da yake kwana a barandar masallacin unguwa, wa ya san ko wane ne Allah ya ɓoye a cikinsa?

Ya kuma ba da labarin Julaibib (RA), sahabin da ba shi da dangi sananne, ba dukiya, ba kyan sura, wanda Manzon Allah (SAW) da kansa ya nema wa aure a gidan Ansar. Bayan wani yaƙi Annabi (SAW) ya tambayi sahabbai ko akwai wanda suka rasa, kowa ya ambaci nasa, babu wanda ya tuna da Julaibib. Sai Manzo (SAW) ya ce shi kam bai ga Julaibib ba, a nemo shi. Aka same shi ya yi shahada kusa da mutum bakwai da ya kashe. Annabi (SAW) ya shaida cewa shi da Julaibib abu ɗaya ne, ya ɗauke shi a kan damatsansa har aka gama haƙa kabari. Malam ya ce shugaban halitta ke nan, da dukkan nauyin al'umma a kansa, amma ya lura da rashin mutumin da kowa ya manta. To ina uzurin wanda sahunsu bai wuce mutum talatin ba?

Sa'annan ya kawo labarin wani sahabi da aka sha kawowa gaban Manzon Allah (SAW) saboda shan giya, ana yi masa hukunci. Wata rana wani ya tsine masa saboda yawan kawo shi da ake yi. Annabi (SAW) ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Malam ya ce ba a ɗage masa hukunci ba, ba a kuma ce abin da yake yi daidai ne ba, amma ba a cire shi daga cikin jama'a ba. Ya ce wannan shi ne ma'aunin da ya kamata 'yan uwa su riƙe game da ɗan unguwarsu da ya faɗa shaye-shaye.

GYARA DAGA CIKIN GIDA

A nan Malam ya ce akwai maganar da ba ta da daɗin ji amma dole a faɗe ta. Sau da yawa samari masu riƙo da addini su ne suka fi kowa tsuke fuska. Yaro zai zo zaman karatu karo na farko da askin banza a kansa da wando a ƙasan ƙugu, ya tattaro duk ƙarfin halinsa kafin ya shigo, sai a bi shi da kallo tun daga ƙofa har ya zauna. A tashi kowa ya kama hannun abokinsa, shi ko sannu. Gobe ba zai dawo ba, kuma zai tafi da shaidar cewa masu addini girman kai gare su. Ya ce Bahaushe ya gama magana da ya ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma a shari'a ma sakin fuska ga ɗan uwa sadaka ne.

Ya kuma yi gargaɗi a kan ba'a da laƙabi, abin da Suratul Hujurati ta hana ƙarara. Mai in'ina, da wanda ya zo daga ƙauye harshensa bai juye ba, da wanda karatunsa bai yi nisa ba har yana tuntuɓe a Fatiha, da wanda kullum rigarsa ɗaya, duk ana mayar da su abin dariyar majalisa, a ce ai wasa ne. Shi ma sai ya yi dariya don ba yadda zai yi, amma Allah kaɗai ya san abin da yake kwana da shi. Yanzu kuma ga waya, a ɗauki hoton mutum yana barci ko yana cin abinci a yi ta yaɗawa. Malam ya ce in wanda ake wasan da shi ba ya jin daɗi, to an bar wasa an shiga zalunci.

Wani abin da ya ja kunne a kai shi ne alherin farauta, wato ka kyautata wa mutum don kawai ya shigo tafiyarku, in ya ƙi ka ɗauke masa gaisuwa. Ya ce wannan ciniki ne, kuma da shi da abin da shugaban daba yake yi duk kanwar ja ce. Maƙwabci yana da haƙƙi ko fahimtarku ɗaya ko ba ɗaya ba, ko Musulmi ne ko ba Musulmi ba. Manzon Allah (SAW) ya je duba wani yaro Bayahude da yake yi masa hidima a lokacin da ya kwanta ciwo. Haka kuma alherin da aka bi shi da gori, Suratul Baƙara ta nuna ladansa ya lalace.

ABIN DA ZA A FARA DAGA WANNAN MAKON

Malam ya ce ba ya son a tashi da ta'ajibi kawai, don haka ya ɗora wa kowane ɗan uwa aiki gwargwadon ƙarfinsa. Kowa ya zaɓi mutum ɗaya, kamar yadda aka yi a Madina, daga cikin waɗanda suka ja baya ko waɗanda ba su da kowa, ya je har gida ya gaishe shi, kada ya tafi da wa'azi a ziyarar farko, gaisuwa kawai da tambayar lafiya, domin zumunci a ƙafa yake. Wanda yake da sana'a, tela ne ko kafinta ko bakanike ko mai gyaran waya, ya roƙi maigidansa a ƙara yaro ɗaya. Wanda yake jami'a ko kwaleji ya ware awa biyu a mako ya zauna da masu shirin sake jarrabawa. Almajirin da yake zuwa ƙofar gida a tambaye shi sunansa da garinsu, a daina kiransa da kai yaro. Wanda ya fito daga gidan yari a je masa barka da arziki kafin tsofaffin abokansa su riga kowa, domin su ba sa makara.

Ya kuma sa iyaka, ya ce jawo ɗan daba daban, zuwa a tare a dabarsu daban, domin zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. A je mutum biyu, a gayyato shi inda ake zaman kirki, a sanar da wani babba a unguwa abin da ake ciki. In abin ya kai ga jikinsa ya kamu sosai, a haɗa kai da iyayensa a kai shi asibiti, domin akwai matakin da nasiha kaɗai ba ta isa. Wanda kuma ya zubar da jini ko ya yi ƙwace, ɓoye shi ba taimako ba ne, taimakon azzalumi a Musulunci shi ne a riƙe hannunsa daga zalunci.

Ga wanda kuma shi ne yake jin babu mai yi da shi, Malam ya ce kada ya sayar da kansa da arha don kofin shayi da laƙabi. Ya daure ya fara yin sallama, ya ɗauki tsintsiya ran sharar masallaci, ya bi 'yan uwa zuwa jana'iza da dubiya, domin aiki tare shi yake haifar da sabo. Kuma ya sani Ubangijin da ya halicce shi ya san sunansa ko da duk gari sun manta.

Malam ya rufe da cewa wataƙila cikin goma da aka nema biyu ne za su dawo, wataƙila ma wanda aka je gaisarwa ya yi wulaƙanci, amma alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, kuma shiryar da mutum ɗaya ta hannun bawa ta fi masa dukiya mafi tsada. Ya roƙi Allah (T) ya shiryi matasan Musulmi, ya dawo da waɗanda suka ɓace, ya haɗa zukatan 'yan uwa a kan gaskiya, ya ba iyaye ikon sauke amanar da ke kansu. An tashi da addu'a da misalin ƙarfe goma saura kwata na dare.